Takardar da Babu Cikin Gwangwani

A gidan Malam Chaibou kafinta, can unguwar Dagmanet, akwai wani tsohon gwangwanin madara da ya girmi ɗiyarsa Rahma. Cike yake da ƴan takardu naɗaɗɗu, kowace da suna ɗaya na Allah: Makiyayi, Mai Tanadi, Dutsen Ceto, Immanuwel da sauransu. Duk Lahadi in an taso daga majami'a an ci abinci, kowa zai sa hannu ya zaro ɗaya, ya yi addu'a da sunan da ya fito masa. Baƙo ma ba ya tsira, ko da ruwa ya shigo sha.

Baƙon ranar nan Idrissa ne, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, mai bin hanyar Arlit, wanda ya shekara biyu yana neman Rahma. Yau Malam ya yi alkawarin ba shi amsa. Idrissa ya zaro takarda, ya warware, sai ya tsura mata ido bai fara addu'a ba.

— Mi ya hito maka, yaro? in ji Malam.

— Uba.

— To, muna saurare.

— Pardon, Malam. A ba ni wata.

— Ba a sauyi a gidan ga!

Idrissa ya naɗe takardar, ya ajiye kan tabarma, ya sa takalmansa ya fita. Ko shayin da aka zuba masa bai taɓa ba.

— Kin gani ko? Malam ya ce wa matarsa Habsatu. Mutumin da bakinshi ba ya iya kiran Allah Uba, wane irin Kirista ne? Ba ni ba shi ɗiyata!

Kan Rahma ya ɗaure tam. Idrissan da ba ya tada mota sai ya yi addu'a? Washegari ta iske shi tasha yana ɗaure kaya, ta tsaya idanunta jajur.

— Kalma guda, Idrissa! Kalma guda ta gagare ka saboda ni?

Ya saki igiyar, ya nuna mata gindin wani bango.

— Kin ga can? Nan mahaihina ya zaunar da ni ina shekara bakwai. Ya ce in jira, za shi sayo mani biredi. Ashe motar Libiya ya shiga. Kwana uku ina kallon ƙofar tasha, Rahma. Ni in an ce uba, bayan mutum nike gani yana tahiya. Ya za a yi in laƙa ma Allah wannan suna? Mai Ganina nike ce mashi, don shi kaɗai ya gan ni a gindin bangon can.

Ta koma gida da ruɗun da ya fi na da. Babanta bai yi ƙarya ba, Allah Uba ne. Idrissa ma bai yi ƙarya ba. To wa za ta bi? Ko ta ce masa ya daure ya faɗi da baki kawai a wuce wurin? Amma auren da aka fara da yi wa Allah ƙarya, ina zai kai su? Ta faɗa jikin uwarta ta zayyana mata komai tana kuka.

— Yi haƙuri, ɗiyata, in ji Habsatu. Kar ki yi gardama da babanki. Bar ni da shi.

Mako uku Rahma tana haƙurin, tana ramewa, Malam kuwa ko sunan yaron ba ya son ji. Lahadi ta huɗu, da aka kawo gwangwani, Habsatu ta karɓa ta juye shi kaf kan tabarma.

— Malam, ina Mai Warkarwa?

Malam ya yi kamar bai ji ba.

— Shekara tara ba ta hito ma kowa ba, tun ranar da muka dawo daga gidan likita babu Anas.

Anas shi ne wan Rahma, zazzaɓi ya ɗauke shi yana ɗan sha biyar. Habsatu ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata takarda da tsatsa ta ɓata.

— Cikin akwatin aikinka na gan ta, ƙarƙashin ƙusoshi. Ban taɓa ce maka kahiri ba, Malam. Na san ciwo ne. Shi ma yaron ga ciwo ne gare shi.

Ta ba shi labarin gindin bango. Malam Chaibou, mutumin da ko ranar jana'izar ɗansa ba a ga hawayensa ba, ya rufe fuska da hula ya yi kuka har kafaɗunsa na rawa. Rahma ta rasa ko ta lallashe shi ko ta fita, sai ta zauna ta taya shi.

Da kansa Malam ya hau babur ya je tasha wurin Idrissa. Lahadin da ta biyo ya zaunar da Idrissa kusa da shi, ya miƙa masa takarda mai tsatsa, shi kuma ya riƙe wadda yaron ya bari kan tabarma.

— Kai ka roƙi Mai Warkarwa domina, ni in roƙi Uba dominka, har ranar da kowa zai iya ɗaukar tashi. Bon, ka turo manyanka.

Aka ɗaura aure bayan Ista. Haƙurin Rahma bai faɗi ƙasa ba, ta kuma koyi abin da ya kamata kowane gida ya sani: Allah bai sanar da mu sunayensa don mu riƙa auna imanin juna da su ba. Ya san kowa da inda aka ji masa ciwo, kuma sunan da ya fi yi wa mutum nauyi a baki, sau da yawa shi ya fi bukata.

Har yau Idrissa bai iya waccan addu'ar ba, Malam ke yi masa. Amma ranar da ya dawo daga tafiyarsa ta farko bayan biki, ya tsaya ƙofar shagon kafinta da ledar dabino, ya dubi Malam ya ce:

— Baba, na dawo.