Sunan da Ya Ƙare da Ra

"Kawu... ina da roƙo."

Hasanatu ta faɗa, kanta a sunkuye, jaririn kwance a cinyarta. Gobe suna, uban yaro kuwa ko ƙurarsa babu. Tun kaka Badaru ya bi ayari Damagaram, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ilu, wanda ya so ta tun tana budurwa, shi ya baza a Ɗanzomo cewa mutumin ya yi zamansa can. Kawu Dalhatu, da ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, ya rantse ana watsewa daga suna zai kai magana gaban alƙali a Gumel a raba auren.

"Ina jin ki, 'yar nan."

"A sa masa suna mai ƙarewa da harafin ra."

Kawu ya ajiye carbi. Shekara nawa yana raɗa suna, bai taɓa jin wanda ya fara zaɓe daga wutsiya ba.

"Ikon Allah. To, duk daga Larabci suke. Akwai Bashiru, mai bushara. Akwai Muniru, mai haskakawa. Akwai Jabiru, mai ɗora abin da ya karye..."

"Shi nake so," ta ce a hankali.

"Me ya sa sai ra?"

Ina za ta iya faɗa? Mace ba ta kama sunan mijinta, ita kuwa sunan nan ya daɗe yana yi mata zaƙi a baki ba ta furta ba. Ta tuna damina a gonarsu ta Maigatari, in abokansa suka ƙwala masa kira daga nesa, iska takan cinye farkon, ƙarshen kaɗai ke isowa ta saman gero: ...ruuu. Wannan ba ɗan fari ba ne, tana da damar kiransa. In an raba ta da mai sunan, a bar mata ko ƙarshensa.

Kawu dai malami ne, ya lissafa haruffan a ransa, ya kau da kai.

"Har yanzu kina son sa ke nan."

Hawayenta ne suka ba shi amsa.

Washegari aka raɗa suna, aka yanka rago, jama'a suka watse. Da hantsi tana zaune a tsakar gida, ita kaɗai da ɗanta. Ta leƙa fuskarsa, ta gwada sunan a karo na farko, ta ja ƙarshen yadda ta daɗe tana mafarki.

"Jabiruuu..."

"Na'am."

Daga zaure muryar ta fito.

Badaru ne, a rame, yana dogara sanda, Kawu na biye da shi.

"Hasana, raƙumi ne ya kayar da ni, ƙafa ta karye. Ina kwance gidan mai ɗori, ba wanda zan aiko. Wallahi kullum ke nake gani in na rufe ido."

"Sannu da hanya," ta ce. "Amma ba kai na kira ba."

"Ni dai ƙarshen na ji, farin cikina."

Ta rufe fuska da gefen zane, dariya da kuka suka haɗe mata.

Kawu ya juya zai fita yana gyara rawani.

"Gumel ta yi mini nisa yau," ya ce. "Miƙa masa ɗansa."