Santsi da 'Yar Mai Gyaran Birki

Ranar da ya goge katakon ne komai ya canja.

Shi ne mai kula da ɗakin gwaje-gwaje na makarantar, saurayin da bai taɓa cika shekara a wurin aiki ɗaya ba. Ita kuwa sabuwar malamar fiziks ce, ana gwada ta kafin a tabbatar mata da aiki. Kullum yana ganin ta da wani tsohon katako mai kaushi, ta ɗora guntun itace a kai, ta riƙa ɗaga gefe ɗaya a hankali har guntun ya zame. Ya kasa yi mata magana, ya kasa zama wuri ɗaya. Sai ya yi abin da masu soyayya suka saba: ya gyara abin da ba a ce ya lalace ba. Ya kankare katakon, ya shafe shi da man goge kujeru har yana ƙyalli.

Washegari shugabar makaranta ta zauna a bayan aji don ganin koyarwarta. Malama ta ce wa ɗalibai su lura, guntun ba zai motsa ba sai gangaren ya yi tsayi, domin gogayyar itace da itace na riƙe da shi. Ko ɗagawar kirki ba ta yi ba guntun ya sheƙa ya faɗi ƙasa. Aji ya kwashe da dariya.

Ta shafa katakon, ta dubi yatsanta, ta dube shi a bakin ƙofa yana neman inda zai shige. Sannan ta kifa katakon, bayansa mai kaushi ya koma sama, ta sake ɗagawa. Guntun ya tsaya cak.

"Nauyi bai canja ba, gangare bai canja ba," in ji ta. "To me ya canja?"

Hannuwa suka tashi. Aiki ya tabbata. Da yamma saƙonta ya shigo wayarsa.

"Wa ya aike ka?"

"Zuciyata, Malamata."

"To ka ce mata ta daina taɓa min kayan aiki, Santsi."

"Sunana ke nan?"

"Har sai na ga ka iya tsayawa."

Tun daga nan wayoyinsu ba su huta ba. Matsalar ita ce mahaifinta, mai gyaran birki, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana koya wa abubuwa tsayawa. Ya yi bincike a kan yaron, ya dawo ya ce, "Yau banki, gobe kanti, jibi makaranta. Tayar da ta cinye ke nan. Ranar da aka yi ruwa za ki san ta." Ga kuma malamin lissafi, shi ma mai neman ta, wanda ya riƙa kai motarsa garejin tsohon ana duba masa birkin da lafiyarsa ƙalau.

Ana cikin haka aka kira Santsi wani aiki a nesa. Bai amsa ba, bai ƙi ba, bai kuma gaya mata ba. A ɗakin malamai ta ji, daga bakin malamin lissafi. Ta aika masa saƙo.

"Da gaske tafiya za ka yi?"

Ya rubuta ya goge, ya zaga ɗaki, ya sake rubutawa. "Idan Baba ya ce a'a, zaman me zan yi?"

"Ka taɓa tsayawa ka ji daga bakinsa? Ka zo gareji gobe. Idan ba ka zo ba, kada ka ƙara kira na Malamarka."

Ya je. Ya tarar da malamin lissafi ya riga shi. Tsohon ya dube su sama da ƙasa, ya nuna wata matacciyar mota a tsakar fili.

"Samari, ku taimaki tsoho. A cikin rumfa nake son ta."

Malamin lissafi ya dafa, ya yi nishi, ya dubi farar rigarsa, ya tuna yana da taro. Santsi ya zaga motar, ya leƙa ta taga, ya koma baya ya sa kafaɗa. Motar ko gezau. Takalminsa ne kawai ke zamewa a kan simintin da ya sha baƙin mai.

Malama ta iso da abincin mahaifinta, ta tsaya tana kallonsa.

"Santsi, ƙafarka ba ta kama ƙasa ba, da me za ka tura? Cire takalmin. Watsa yashi."

Ya cire, ya watsa. Rana ta take, gumi ya jiƙa shi, tafin ƙafarsa ya saluɓe. Wayarsa ta yi ta ƙara a aljihu, masu sabon aikin ne, bai ɗaga ba. Can tayoyin baya suka yi ƙara, suka ja jiki kamar faɗin tafin hannu, suka bar baƙin zane a ƙasa. Tsohon ya ajiye cokali, ya zura hannu ta taga ya sauke birkin hannu. Motar ta gangara cikin rumfa, Santsi ya kifa da fuska.

"Wawa ne," in ji tsohon, yana miƙa masa hannu. "Amma bai tafi ba. Ka turo manyanka."

Ranar aure tsohon ya ba kowa labarin, yana dariya har da hawaye: surukinsa mai ilimi, wanda ya yini yana tura mota da birki a ja. Sannan ya haɗa hannayensu. "Allah ya ba ku abin da zai riƙe ku idan hanya ta yi santsi. Allah ya yi muku albarka."

Ango ya buɗe baki. Amarya ta matse masa yatsu, amin ɗin jama'a ta rufe shi.

Ango ya ce a ransa sai an natsu zai faɗa masa. Kowace ziyara tsohon sai ya maimaita labarin, kowane karo ya fi na baya jin daɗinsa, har ranar da aka rufe garejin aka kai shi makwanci. Mutane sun iya tafiya ana tsakiyar magana. Santsi bai samu ya ce masa ba: Baba, tun kafin in dafa motar na ga birkin.