Goyon Cikin Kwalbati

Rana ta yi ja lokacin da Uwar Biyu ta saɓa shebur ta ce wa mijinta za ta bi magudana ta ga inda ruwan ya tsaya.

Mijin yana kwance a tabarma da ƙafa a ɗaure, tun ranar da gaɓar rami ta rufto masa wajen aikin yashe magudanar. Shekara da shekaru gonakinsu suna nan a mace. Yashi ya cike hanyar da ke kawo ruwa daga dam, ƙasa ta tsattsage ta yi fari fat, maƙwabta suka yi ta rufe ƙofa suna tafiya birni. Waɗanda suka rage ne suka haɗu suka yashe ta da hannu har aka sako ruwa. Gonakin sama duk sun sha. Na ƙasa, har da nasu, ko ɗigo.

"Ki bari sai da safe," in ji shi. "Magariba ta kawo kai."

"Dashen da muka yi ba zai kai safe ba. Irin da ya rage mana ke nan. In ya mutu, me zan zuba wa yaran nan a kwano? Ƙasa?"

Tagwayensu suna zaune a bakin murhu, sun zuba wa tukunya ido, ba su san ruwa ne zalla a ciki ba.

Ta bi cikin magudanar, busasshen laka yana fashewa a ƙarƙashin ƙafarta. Ba ta yi nisa ba ta haɗu da mai gadin ruwa yana tura keke a kan gaɓa, yana sauri kamar wanda aka koro.

"Baba, ina ruwanmu?"

"Tun hantsi na buɗe, 'yata. Ya zo kwalbatin tsohuwar hanya ya ƙi shiga."

"Me ya toshe?"

"Na leƙa. Koma gida, don Allah."

Ta wuce shi.

A bakin kwalbatin komai ya yi tsit. Ba kwaɗo, ba gyare. Ramin siminti ne dogo, wanda sai mutum ya sunkuya zai shiga, kuma daga cikinsa warin hayaƙi ke fitowa, gauraye da ƙarnin ɗakin mai jego. Ta yi bismillah ta shiga, tana taka tsakanin wasu saiwoyi biyu da suka miƙe a ƙasa.

Can ƙurya ta hangi ruwan. Yana tsaye kamar bango, ya cika bakin ramin, yana ƙyalli da sauran hasken rana. A jikinsa wata mata ta jingina bayanta.

"Taka a hankali, 'yar'uwa. Yaro na barci."

Matar tana gabanta, amma muryar a bayan kunnenta ta ji ta.

Ɗaya daga cikin saiwoyin ya motsa. Sai a lokacin Uwar Biyu ta gane ba saiwoyi ba ne. Tun daga ƙofa tsakanin ƙafafun matar take tafiya.

Shebur ya faɗi.

"Da kuka bar wurin ya bushe muka tare," in ji muryar. "A nan na haihu. Da dangi suka ji ƙarar ruwa kowa ya tashi, aka bar ni. In na ɗaga bayana don in ɗauke shi, ruwan zai riga ni. Tun hantsi nake riƙe da shi. Na gaji."

Uwar Biyu ta so ta gudu. Sai ta tuna da tukunyar.

"Nawa ma biyu ne," ta ce. "In ba ki saki ruwan nan ba, yunwa za ta cinye min su."

Ruwan ya yi gurnani a bayan matar.

"To goya min shi. Kada ki waiwaya. Kada ki kwance sai kin hau tudu."

Wani ƙunshin tsumma yana gefen bango. Ta rufe ido ta ɗora shi a baya, ta ɗaure da zani. Sanyinsa ya ratsa ta har ƙashi.

Ta juya.

Taku kaɗan, goyon ya yi nauyin buhun hatsi. Kafin ta kai ƙofa ya ninka. Numfashinsa yana sauka a wuyanta, a hankali, irin na tsoho.

A bayanta matar ta yi wani dogon nishi.

Ruwan ya ɓalle.

Ta fita a guje. Gaɓar ta yi tsayi, nauyin ya hana ta hawa. Ta bi cikin magudanar, ƙarar tana bin ta kamar aradu.

"Inna," in ji goyon, da muryar ƙaramar tagwayenta. "Inna, dube ni."

Wuyanta ya fara juyawa da kansa. Ta ciji leɓe har ta ji ɗanɗanon jini.

Ruwa ya doki agararta. Ya kai gwiwa. Ya kai ƙugu.

"Inna, ina nutsewa!"

Ba ta duba ba.

Ta cafko saiwar wata bishiya a gefen gonarsu, ta ja jiki, farcenta yana ɓarewa. Ta faɗi a kan tudu, ta kwance zanin.

Wani hannu ya miƙo daga duhu, ta saman kanta, dogo, ba ta ga ƙarshensa ba. Ya ɗauke ƙunshin.

"Mun gode, maƙwabciya."

A nan mai gadin ruwa da mutanen gari suka same ta, jiƙe sharkaf, haƙoranta suna haɗuwa. Ruwa kuwa yana ta shiga kwamin dashe ɗaya bayan ɗaya, ƙasa tana sha tana tsuwa.

Dashen ya tashi. Mijinta ya miƙe da sanda, maƙwabtan da suka tafi suka fara dawowa suna buɗe ƙofofinsu. Amma kusurwar da ta sauke goyon ba ta taɓa jiƙewa ba; ruwa yana zuwa sai ya rabu biyu ya kewaye ta. Ta hana kowa sa fartanya a wurin.

Bayanta kuma bai sake ɗumi ba. Wata rana ƙaramar tagwayen ta yi tuntuɓe a gona tana kuka, Uwar Biyu ta durƙusa ta ce, "Zo ki hau in goya ki."

Yarinyar ta share hawaye, ta kalli bayan uwarta, ta ja da baya.

"Inna, ai da mai wurin."