Kason Ƙarshe na Nakuda Shahdost

Duk wanda ya ba ku labarin Nakuda Shahdost, ɗan fashin tekun da ya gagari Makuran har Maskat, ku tambaye shi ko sun taɓa cin busasshen kifi a kwano ɗaya. Ni Pindok mun ci. Ko alif ban sani ba, amma na binne malamai da jarumai, ga ni da haƙorana.

Da masunta ne mu, a kwalekwale mai yoyo. A wajenmu abin da teku ya bayar tsibi-tsibi ake kasa shi, mutum ɗaya ya juya baya, a nuna tsibi a ce na wa ne. Sunan da ya faɗa ya zauna. Ni ne mai juya baya, don ba a taɓa kama ni da leƙe ba.

Wata rana tsaka Shahdost ya ja ni kogon wani boka a jikin dutsen gaɓa. Ƙofar haƙarƙarin wani ƙaton kifi ce. Ciki kawunan baƙaƙen awaki jere, an cusa musu gishiri a ido, ga tukunyar ruwan teku tana tafasa ba wuta.

"Ɗan masunci, kifi ya gundure ka ke nan?" in ji boka.

"Baba, jirgin da duk na hango nake so ya zama nawa."

"In za ku yi rabo, ka ƙara tsibi ɗaya. Shi ma a tambaya."

"Na wa zai zama?"

"Bakin mai juya baya ya sani."

Shahdost ya yi dariya. "Ka yi araha, Baba."

"Haka kowa ke cewa." Ya shafa masa ruwan tukunyar a leɓe, ni ma ya shafa mini.

Daga nan jiragen fatake suka riƙa tsayawa mana kamar an ɗaure su. Alharini, hauren giwa, zinariya. Shahdost ya gina gidan bene, aka fara ce masa Nakuda, wato uban jirgi.

A rabon farko, da aka nuna tsibin ƙarshe, bakina ya buɗe da kansa ya ce Badal. Ƙanen Nakuda ne, yana gida.

"Pindok, malalaci ka ba rabo? Nawa ya ba ka?" In ji yaran jirgi, aka yi ta shewa.

Da muka koma, muka tarar da Badal zaune a ƙofar gida ba rai, tufafinsa a bushe, ruwan gishiri na zuba ta hancinsa.

Nakuda ya sauya mai juya baya, aka ambaci surukinsa, shi ma ya mutu. Ya hana ƙara tsibi, tsibin ya riƙa fitowa da kansa. Ya ce kada a tambaya, a bar shi ya ruɓe. Ina tsakar cin abinci na ji bakina ya ce Kenagi, ɗansa na fari. Matar Nakuda, Zargul, ta ɗauki tsintsiya ta shiga sharar raƙuman ruwa, tana cewa sun ɓata mata tsakar gida. A haka teku ya tafi da ita.

Nakuda ya ƙona jirginsa. Saura 'yarsa ɗaya, Mahikan. Muka koma noman dabino, nesa da gaɓa.

Ranar da muka tsinki dabino na kasa uku. Na ɗaga kai, ga na huɗu.

"Ni zan juya," in ji Nakuda. "Sunana zan kira. Bakina ba zai ci 'yata ba."

"Nakuda, bakinka ma ya sha ruwan nan."

"Nuna, ɗan iska, kafin naka bakin ya riga mu."

Ya juya baya. Na nuna, na ce na wa ne. Na ga jijiyar wuyansa ta miƙe, ya ciji hannunsa har jini. Ya yi kokawa irin ta maza, wannan na shaida. Sannan a hankali ya ce, "Mahikan."

Tana bayan bukka tana tsince ƙwallon dabino. Ta ce, "Na'am, Baba?"

Da hannuna na haƙa kabarinta. Shi kuwa ya daɗe bai mutu ba, tsirara a bakin teku yana kasa tsakuwa, yana roƙon masu wucewa su ambaci sunansa.

Ku samarin da ke tonon rairayi kuna neman zinariyarsa, Allah ya sa kada ku samu. Mai kwaɗayi a zatonsa da kansa zai biya. Boka bai taɓa karɓar abin da kake iya bayarwa ba.