Jirgi Ya Tafi Ya Bar Su a Halifax

Ƙarfe takwas na safe jirgin ruwa na yawon buɗe ido ya tsaya a tashar Halifax, mutane suka fara gangarowa. Lorne Boutilier yana bakin ƙofa cikin 'yan'uwansa direbobi, riƙe da allon da ya rubuta "Peggy's Cove" a jiki. Da rani yake jan ƙaramar bas, da hunturu ya koma kamun lobsta, wato wani dangin ƙaguwa na teku, tare da mahaifinsa.

Wata budurwa mai jar hula ta tsaya gabansa tana murmushi.

"Malam, allonka a juye yake."

Ya daburce, ya juya shi, sai ya nuna mata bayan allon. Ta yi dariya har da dafa ciki. Sunanta Delia Nowak, ma'aikaciyar jinya daga Buffalo. Bayanta mahaifiyarta ce, Madam Nowak, da ƙatuwar jaka da lema.

"Kai, motarka tana da birki kuwa?" in ji Madam.

"Tana da shi, Mama."

"Ban haife ka ba tukuna. Mu je."

Ya zagaya da su ganuwar da ke kan tudu, da lambun tsakiyar gari, sannan suka ɗauki hanyar ƙauyen Peggy's Cove. Duk bayanin da yake yi, madubi yake kallo, Delia na ciki. Madam kuwa ba ta da zance sai na Dokta Preston, likitan haƙoran da suka haɗu da shi a jirgi.

"Gidansa biyu. Mutumin kirki, Delia."

"Mama, kwana uku kenan yana amai a ɗakinsa. Ƙeyarsa kawai na sani."

Suna isa Peggy's Cove hazon teku ya rufe komai. Hasumiyar fitilar da suka zo gani, ko inuwarta babu.

"Ina take?" Madam ta tambaya.

"Tana gabanki, wallahi."

"Ni farin bango nake gani. Ina da irinsa a gida."

Don ya wanke kansa ya sayo mata burodi mai naman lobsta. Tana ɗagawa za ta kai baki, wani tsuntsun teku ya sure shi ya yi sama. Ta bi shi da lema tana zagi. Lorne ya rasa yadda zai yi, ya kai su gidansu da ke nan cikin ƙauyen, mahaifiyarsa Verna ta zuba musu miyar kifi mai zafi. Nan tsofaffin biyu suka kama gardama kan gishiri, shi da Delia suka zauna a kan dutse a waje.

"Kullum haka kake rikicewa?" ta ce.

"Shekara shida ina wannan aiki, yau ne farko."

Can ya leƙa ciki. "Madam, ƙarfe uku ta yi, jirgi huɗu da rabi zai tashi."

Ta duba hannunta. "Biyu ce. Agogona bai taɓa ƙarya ba."

"Mu nan muna gaban Buffalo da awa ɗaya."

"Delia, ƙarfe nawa?"

Delia ta kalli wayarta, ta kalli Lorne, ta ce, "Ni dai ban taɓa musu da ke ba, Mama."

Da suka isa tasha, jirgi ya riga ya yi nisa, Dokta Preston yana ɗaga musu hankici daga sama. Madam ta zauna kan benci, ga maganin hawan jininta yana cikin jirgi. Lorne ya zaga da Delia har suka samo maganin a kantin magani, ya mayar da su wurin Verna suka kwana, da safe ya yi tuƙin awa biyar ya cim ma jirgin a Sydney, tashar da ke gaba a wannan gaɓar teku.

Bayan sun rabu saƙonsa ya shigo wayar Delia: "Jar Hula, gaya min gaskiya. Kin san lokaci jiya?"

Ta amsa: "Wayata ta sani. Ni kuma ban gama kallonka ba."

Shekara guda suna haka. Madam ta kafe, ba za ta ba da 'yarta ga mai warin kifi a ƙauyen da ba a ganin komai ba. Sai dai duk Lahadi ita da Verna suna kan waya suna faɗan gishiri. Wata rana Verna ta ce mata, "Ke, ɗana ya rame, kuma na ji taki ma ba ta cin abinci. Za ki bari ko sai sun ƙare?"

Madam ta ce, "To, amma ni zan yi girkin biki."

A ƙaramar majami'ar ƙauyen aka ɗaura aure, masunta sun cika benci cikin kwat ɗin da ya matse su. Da aka fito Madam ta kama kunnen ango.

"Ka riƙe min ita da kyau, ka ji?"

"Na ji, Madam."

Ta sake shi, ta haɗa hannunsa da na Delia, hawaye na zubo mata.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu hankali. Su ɗauko nata dai, ba naka ba."