Dusar da Auta Ta Ƙara

Auta na cikin wanke bokitan tatsa sabon malamin gona ya shigo gidan gonarsu, ɗauke da damin karan ciyawar giwa. Ya yi sallama idonsa na kanta, har ya taka kashin shanu bai sani ba. Ta ƙunshe dariya, tun daga ranar ta raɗa masa Mai Ciyawa.

Zuwan aiki ya koma zuwan zance. Kafin ciyawar da ya dasa a bayan rijiya ta kai ƙugu, sun shaƙu.

"Autata, yau na ga ganyen ya yi kore shar, sai na tuna ki," ya rubuto mata a waya.

"Wato da abincin shanu kake kwatanta ni? Allah Ya shirye ka, Mai Ciyawa."

Baba ne bai ga abin dariya ba. Shi gamba da harawar wake ya sani, da su ya raini shanunsa. Kuma ransa na kan ɗan amininsa mai shagon abincin dabbobi, wanda kullum yake zuwa gaisuwa yana baza turare.

"Yaron da ya zo koya mini ciyar da saniya ba zai zama surukina ba," in ji shi. Da Mama ta matsa, sai ya ce, "To, a gwada. A raba shanun gida biyu, rabi su ci tawa, rabi tasa. In tasa ta fi kawo madara, na ba shi."

Ƙa'idar gwajin ɗaya ce: ban da ciyawa da ruwa da gishiri, kada a ba saniya komai. Auta ce mai zuba abinci da safe. Da ta ga bokitan ɓangaren Baba sun fi cika, hankalinta ya tashi. Ta fara barbaɗa dusa a ƙasan kwamin shanun Mai Ciyawa, ta rufe da ganye.

Madara ta hau. Maimakon murna sai Mai Ciyawa ya tsuke fuska, don ya san iyakar abin da ciyawarsa za ta iya. Ya cusa hannu cikin kwamin, yatsunsa suka fito duk dusa.

"Ke ce?"

"Don mu na yi."

"Maƙwabtanku sakamakon nan suke jira. In suka tumɓuke gambarsu a kan ƙarya, shanunsu suka ƙafe, me zan ce musu?"

"To sai ka auri ciyawar!"

Ya je ya gaya wa Baba gwaji ya ɓaci, a sake daga farko. Bai kama sunan kowa ba. Auta ta sha kuka, ta daina ɗaukar wayarsa, mai shago kuwa ya ƙara yawan gaisuwa.

"Ki yi haƙuri, Autata. Ina son ki, amma ba zan iya zama gaban Baba ina sunkuyar da kai ba."

Da ta karanta saƙon, sai ta mayar da kwanon dusa cikin sito.

Aka sake gwaji. A fili ciyawar giwa ta fi yawa, yanka ɗaya sai ya cika amalanke. A bokiti kuwa gamba da harawa suka yi gaba. Auta na laɓe bayan ƙofa, ta ji Mai Ciyawa ya durƙusa yana cewa, "Baba, taka ta fi. Tawa ba ta isa ita kaɗai, sai an haɗa ta da harawa. Na gode da damar da aka ba ni."

"Ina za ka? Zauna," in ji Baba. "Buhun dusata na raguwa ina kallo, ba makaho ba ne ni. Shiru na yi in ga ko za ka karɓi nasarar sata. Je ka turo magabatanka."

Auta ta zame ta zauna a ƙasa, dariya da hawaye a haɗe.

Ranar da aka ɗaura aure, Baba ya sa musu albarka, ya roƙa musu zaman lafiya da zuri'a ta gari. Sannan ya kama hannun ango ya ce, "Ni na ci gardama, kai ka tafi da 'yata. Sai ka faɗa mini wanda ya ci riba."