Masassaƙi da Kirya Mai Baƙi

A wani zamani can da, an yi wani masassaƙi da turmin gidansa ya tsage. Ya shiga daji ya sami busasshiyar kirya. Al'adarsa ce ba ya saran itace sai ya ƙwanƙwasa, ya kara kunne. Da ya kara, sai ya ji tsiyu-tsiyu. Ashe maƙwaƙƙwafi, tsuntsun nan mai huda itace da baki, ya yi ƙyanƙyasa a ciki.

Ya koma gida. Matarsa ta ce, "Maigida, ina turmi?"

Ya ce, "Itacen da baƙi."

Kullum sai ya je ya leƙa ramin. Da fari 'ya'yan jajaye ne, ido rufe. Sannan ido ya buɗe, gashi ya tsiro. Kullum matar ta ce ina turmi, ya ce itacen da baƙi. Har ta gaji da aron na maƙwabta.

Abu guda ya ɗaure masa kai. Manyan tsuntsaye da yawa ke kawo abinci, wannan ya fita, wancan ya shiga, har ya kasa gane uwar. Sai ya tuna marayun da ƙanensa ya mutu ya bari, waɗanda ya daɗe bai leƙa ba.

Ranar da 'ya'yan suka tashi, ya sare kiryar, ya sassaƙa turmi ƙato.

Matar ta ce, "Maigida, ai wannan ya fi ƙarfin bakinmu biyu."

Ya ce, "Ƙara gero. Zan je in taho da yaran."